Gidan Rina a Ɗakin Mai Wankin Hula

Ku dai ba ku da tausayi. Mutum kamata, wanda manya ke aiko wa ya zo ya yi musu hira, kun zaunar da ni a kan yagaggiyar tabarma, ko ruwan shayi babu. To shi ke nan. A rage hasken fitilar nan. Wanda ya san zai tsorata ya tashi tun yanzu, don in na gama ba na raka kowa ko'ina.

A Kazaure aka yi wani mai wankin hula, sunansa Tanimu. Ya ba arba'in baya, amma har lokacin da ɗan madubi yake yawo a aljihu. In zai sa hula sai ya karkata ta, ya duba, ya gyara, ya sake dubawa. Ƙorafinsa kullum ɗaya ne, wai garin bai san darajarsa ba.

Can ƙuryar gidansa, jikin katangar baya, akwai wani ɗan ɗaki na ƙasa. Ƙofa ɗaya, ba taga. A nan yake jera hulunan mutane a kan katakansu in ya wanke ya sa musu sitaci. Murhunsa na gawayi ma a ciki yake, da tukunyar da yake tafasa ruwa.

Farkon damina, yana zaune yana goge wata hula damanga, sai ga rina guda ta shigo. Ja mai duhu, ƙugu kamar zare, ƙafafu na reto a ƙasanta. Ta kewaya ɗakin. Ta sauka a azarar saman ƙofa, ta ciki.

Tanimu ya ce, "A'a, Hajiya. Ko sallama babu?"

Ta fita. Ya bi ta da ido. Ta sauka a kan tsohon dannin kara, ta hau kankara da baki. Da ya yi shiru har sautin yake ji, ƙaras, ƙaras. Ta dawo da ɗan curi a baki, ta tauna, ta shafa a azara, ta lallaɓa. Da farko ɗan tsinke ne kawai ke reto. Kafin a jima sai ga ɗan rami a ƙarshensa, mai kusurwa shida, tsaf kamar an auna.

Tanimu ya ajiye hula ya zuba ido.

Matarsa Tabawa ta kawo masa fura, ta ɗaga kai ta gani.

"Malam, ka kaɓar da abin nan tun yana ƙarami."

"Ke ba ki san aiki ba. Dubi layi. Masu ɗinkin ƙube na garin nan su zo su ga yadda ake jera ido."

"In ta jera maka a fuska sai ka kira su."

"Ni? Gwani ba ya taɓa gwani."

Ta ajiye kwano ta tafi tana cewa in da ita ce, tsumma da kananzir sun gama magana.

Gida ya yi ta girma. Rina ɗaya ta zama biyar, biyar ta zama ba a ƙirga. Tanimu ya ga duk yadda suke yi. Ya ga 'yan ƙwai farare a gindin ramuka. Ya ga sun zama tsutsa masu baƙin kai, suna buɗe baki in an kawo musu abinci. Ya ga yadda in ɗa ya ƙoshi ya isa, sai a rufe bakin raminsa da farin murfi, a bar shi ciki shiru. Har gidan ya kai faɗin faifai, yana sunkuyawa ya shiga, yana sunkuyawa ya fita, ba wadda ta taɓa kula shi. A majalisa kuwa ya ishi mutane.

"Ku ne ba ku san ni ba. Rina ma ta san wanda take kauce wa."

Sai wata Juma'a. Ya yi wanka, ya sa shadda, ya ɗora sabuwar hularsa tangaran da ya daɗe yana ɓoyo. Wani ya kawo masa tsarabar turare mai ƙarfi, ya kwarara a wuya da gemu kamar gobe babu. Ya tuna ya bar madubinsa a ɗakin baya. Ya sunkuya zai shiga.

Tsau. A leɓen sama.

Kafin ya kai masallaci leɓe ya rufe na ƙasa. Mutane na ba shi hannu suna kallon gefe. Da aka idar, abokinsa Sallau mai faci ya tare shi a gaban jama'a.

"Tanimu, ƙosai ka ɓoye a baki? Raba mana mana."

"Ciwon haƙori ne."

"Haƙorin mai fiffike?"

Aka kwashe da dariya har da liman, ko da yake shi ya rufe baki da rawani.

A gida Tabawa ta jiƙa kanwa tana shafa masa, kafaɗunta na rawa.

"Dariya kike yi."

"Tari ne, Malam. Sannu, gwani."

Ya ƙarasa yinin a ɗaki yana duba madubi yana ƙunƙuni. Shi ya ba su masauki. Shi ya hana a ƙone su. Shi ya yabi aikinsu a gaban mutane, abin da bai taɓa yi wa wani mahaluki ba. Sakayyar ke nan.

Rana ta yi ja. Kaji suka fara hawa. Ruwan da ya ɗora don sitacin gobe yana tafasa a ɗakin baya.

To, duk wanda aka haifa a ƙasar nan ya sani, ba a zubar da ruwan zafi da magariba haka kawai. Sai ka yi bismilla, ka ɗaga murya ka ce a kauce, don mutanen ɓoye su janye 'ya'yansu. Tanimu ya sani. Kakarsa ta sha ja masa kunne a kai. Amma leɓe na zugi, zuciya na tafasa. Ya sunkuya ya shige ɗaki. Ya naɗe hannu da tsumma, ya sauke tukunya, ya juya ya watsa wa gidan rina.

Bai yi bismilla ba, bai ce a kauce ba. Kuma daga ciki ya watsa, ƙofa na gabansa, gidan rina na kan ƙofa.

Rabin gidan ya faɗo, tim. Tururi ya tashi.

Sai a lokacin ya gane inda yake tsaye. Ya rufe fuska da hannun riga yana jiran su zubo masa.

Shiru.

Ya jira. Ba ƙara, ba harbi. Ya leƙo da ido ɗaya.

Suna jikin ƙofa. Sun jeru daga sama har ƙasa, dama da hagu, ba wadda ke motsi. Duk kawunansu na kallonsa. Ya ɗaga ƙafa zai yi gaba, fikafikai suka tashi gaba ɗaya, zuu. Ya mayar da ƙafa. Suka kwanta.

Can nesa ladan ya fara kiran salla. Muryar ta zo masa siririya, kamar daga wani gari.

"Gafaranku dai, masu gida."

Mace ce. Amma a ƙarƙashin muryar akwai wani amo da ba ya tsayawa ko ta yi shiru, irin na mai magana a cikin tulu.

Tana tsaye a bakin ƙofa. Doguwa, siririya, da zane ja mai duhu. Ta ci ɗamara har ƙugun nan yatsa biyu za su kewaye shi. Da goyo a bayanta. Goyon ba ya kuka, ba ya motsi. Tururi ne ke fita daga zanen.

Tanimu ya sunkuyar da kai, don ba ya son ganin fuskarta. Nan ya ga ƙafafun. Ruwa ya kwanta a bakin ƙofa, amma ba su jiƙe ba. Ba su taɓa ƙasa ba. Suna reto ne, yatsu na kallon ƙasa.

"Maigida, wa ya zuba ruwa?"

"Ruwa? Ai rufin ne ke yoyo, baiwar Allah. Damina."

"Da zafinsa?"

"Yau an yi rana sosai."

Ya duba ya ga tukunyar na hannunsa har yanzu. Ya lallaɓa ya ajiye ta a bayansa.

Ya buɗe baki zai yi addu'a. Wata rina ta taso daga layi, ta sauka a kan kumburarren leɓensa. Yana jin ƙafafunta ɗaya bayan ɗaya. Ta lanƙwasa gindi ta ɗora a fata, ba ta soka ba.

Matar ta ce, "Lokacin faɗa ba ka faɗa ba. Yanzu ni kaɗai za ka amsa wa."

Sai ga takun silifa. Tabawa ce.

"Malam? An kira salla fa."

Ta zo har bakin ƙofa, kafaɗarta kusa da ta matar. Ta leƙo. Idonta ya bi hulunan, ya bi murhu, ya bi ta kan Tanimu ya wuce kamar ta kalli bango. Ya ja numfashi zai kira ta, abin da ke kan leɓensa ya danna kaɗan. Ya saki numfashin a hankali ta hanci.

Tabawa ta ce, "Mutumin nan. Ya bar wuta a murhu ya fice da leɓensa."

Ta ja ƙyaure, ta sa sakata ta waje. Takun ya yi nisa.

Duhu. Sai jan garwashi kawai. Matar tana ciki, bai ga shigowarta ba.

"Ka rushe. Ka gina."

"Ranki ya daɗe, ni wanki na iya. Gini sai ku."

"Ka daɗe kana kallo. Kwashe min 'ya'yana daga ƙasa."

Ya durƙusa da shaddarsa a cikin taɓo. Ya lalubo ɓallen gidan, ya jiƙe ya yi laushi. 'Ya'yan sun warwatse. Ya riƙa tsinto su ɗaya-ɗaya, farare, masu taushi, da ɗumi. Suna motsi a tafin hannunsa.

"A ina zan sa su? Gidan ya jiƙe, ba zai koma azara ba."

"Nemo abin da zai riƙe shi."

Ya miƙa hannu ya zaro wata tsohuwar hula daga kan katako.

"Ga wannan. Mai kyau ce, ta wani Alhaji ce."

"Ba taka ba ce."

"Ai ba zai sani ba. Hulunansa sun fi kan nasa yawa."

Amon nan ya ƙaru, har katakan hula suka fara rawa. Tanimu ya mayar da hular Alhaji. Ya kai hannu kansa. Ya daɗe hannun na nan. Sannan ya cire tangaran ɗinsa. Ya ce daga baya wannan ta fi harbin ciwo.

Ya ɗora ta a cinya baki sama, ya lakato ragowar sitaci, ya shafe cikinta. Ya zaunar da ɓallen gidan a ciki, ya lallaɓa gefe da gefe. Ya karyo tsinken tsintsiya, yana ɗaukar ɗa yana zurawa a rami, kai sama, yadda ya ga suna zama. Rinar suka bar ƙofa suka hau shi. Suna tafiya a bayan hannunsa, a wuyansa, a cikin hannun riga. Wata ta zauna a fatar idonsa. Gumi na gangarowa, ba halin sharewa. Ƙafarsa ta yi tsami, ba halin gyarawa. Bai san ko an yi isha'i ba. A ɗakin nan ba a jin komai na waje.

Da ya gama ya miƙe a hankali, ya rataye hular a ƙusar da ke kusa da ragowar gidan. Ya ja baya ya duba. Kun san hali. Ko a nan sai da ya motsa.

"Ki duba dai, Hajiya. Ko ku ɗin ai sai haka."

Zuu.

"Wasa nake."

Ta matso, ba taku. Ta daɗe tana kallon cikin hular.

"Saura ɗaya."

Ya leƙa. A tsakiya akwai rami guda, baƙi, ba kowa. Ya sake durƙusawa, ya laluba ƙarƙashin murhu, bayan katakai, cikin taɓo.

"Bar nema," in ji ta. Ta kai hannu ta kwance majanyi, ta juyo da goyon gaba. Abin da ya gani a zanen nan bai taɓa gaya wa kowa ba. In an tambaye shi sai ya tashi.

"Wannan ba zai koma ba."

"Allah ya ba ku haƙuri. Wallahi ban yi da niyya ba."

"Da niyya ka yi."

"Da niyya na yi. Amma ban san haka ba ne."

"Mu ba ma barin ɗaki fanko, Maigida."

Sai ya ji sautin nan da ya sani. Ƙaras, ƙaras. Daga ƙyaure, daga azara, daga katakan hula, ko'ina ana kankara. Ya duba bango a hasken garwashi. Ba jar ƙasa ba ce yanzu. Ya yi toka-toka, da layi-layi kamar takarda. Ɗakin da ya gina da hannunsa, kusurwa huɗu ya sani. Ya bi su da ido. Shida.

Ya matsa baya, bayansa ya taɓa bango. Ya buɗe hannu, gwiwoyin hannunsa biyu suka taɓa bango. Murhu ya ɓace, hulunan sun ɓace. Ya ɗaga kai. Wani farin abu ake saƙawa a samansa, daga gefe yana cin tsakiya. Ya san shi. Ya sha zama da kwanon fura yana kallon yadda ake yin sa, yana cewa ma sha Allah.

Iska ta fara ƙaranci. Ramin da ya rage a sama bai fi bakin kwano ba, fuskarta na leƙowa ta nan.

"Hajiya. In yi magana?"

"Yi."

"Kin ga matar nan da ta leƙo?"

"Na gan ta."

"Tun ranar farko take so a ƙone ku. Ni na hana. In aka wayi gari ba ni, ƙannenta za ta kira. Mahauta ne, ba sa kallon kyan aiki. Da kananzir za su zo, da fiya-fiya. Na yau ruwa ne, rabi ya tsira. Na gobe wuta ce."

"Kana da ƙarya da yawa."

"Ƙwarai kuwa, duk gari sun sani. Amma wannan ki tambayi mutanenki. A gabansu ta faɗa."

Kankara ta tsaya. Amon ya kewaya ɗakin, ya yi ƙasa, ya yi sama, ya dawo.

"Sun ce ta faɗa."

"To kin gani. A nan ciki me zan yi miki? Ƙato ne ni, ga ci, ga surutu. A waje kuwa kin sami mai tsaron ƙofa. Ba mai wucewa ta gabana."

Yana jin bugun zuciyarsa a leɓe.

"Kullum magariba," in ji ta. "Ka zauna a bakin ƙofa. Ba mai shiga da ruwa, ba mai shiga da wuta."

"Na ɗauka. Amma a cire min Juma'a."

"Kullum."

"In biki ya kama a Daura fa? Mutane na gayyata ta, ba laifina ba ne."

"Ranar da rana ta faɗi ba ka nan, ɗakin yana nan. Za mu riƙa gyara shi."

Wani dogon yatsa ya sauko ta ramin, ya taɓa bayan kunnensa. Ba zafi. Sanyi ne ya shiga har ƙashi.

"Don ka ji in mun kira."

Sakata ta yi ƙara. Ƙyaure ya buɗe, hasken fitila ya shigo. Tabawa ce, ta zo kashe murhu. Ɗaki na nan yadda yake, kusurwa huɗu, huluna a jere. Mijinta na tsaye a tsakiya, shadda duk taɓo, kai ba hula.

"Innalillahi. Malam, a nan kake? Na leƙo ɗazu ban gan ka ba."

"Ina bayan ƙyaure."

"Kana me?"

"Tunani."

"Ina hularka?"

Ya nuna sama da haɓa. Ta ɗaga fitila, ta ga tangaran a ƙusa, rina na shiga suna fita.

"Sabuwar? Kai, abin nan ya isa. Gobe da sassafe zan aika a kira ƙannena, su Ɗanjuma."

Ya kama wuyan hannunta. Hannunsa kamar ƙanƙara.

"Tabawa. Kada ki kira kowa. Ko gobe, ko jibi."

Ta buɗe baki za ta yi tsiya, ta haska fuskarsa, ta rufe. Ta kama shi ta fito da shi.

Tun daga ranar Tanimu bai ƙara kwana a wani gari ba. Yana tsakar ba da labari a majalisa, da rana ta yi ja sai ka ga ya dafe bayan kunne, ya miƙe, bai ƙarasa ba. Sallau ya ce masa Tabawa ta ɗaure shi. Ya ce a'a, hirarsu ce ta yi masa ƙanƙanta. Buzunsa yake shimfiɗawa a bakin ɗakin baya, a nan yake magariba, shi kaɗai, sai duhu ya gama sauka ya tashi. Damina ta wuce, rinar ko'ina ta watse, tasa ba ta watse ba. Gidan ya cinye hular, ya cinye ƙusar, ya bi bango.

Don haka ku ji da kyau. In an ba ku ruwan zafi ku zubar da magariba, ku yi bismilla, ku ce a kauce, da ƙarfi, ko za a yi muku dariya. Kuma a lokacin nan kada wanda ya shiga ɗakin baya shi kaɗai, ko da ƙofa a buɗe take.

Tabawa ce ta gaya wa innata sauran. Ta ce ramin nan na tsakiya har yanzu ba kowa a ciki. Da, tsinke ne ke shiga. Daga baya yatsa. Kullum da safe za ka ji su a kansa, ƙaras, ƙaras, suna ƙara masa faɗi. Rannan ta ce wa Tanimu ya zo ya ga yadda ya zama. Ya leƙa sau ɗaya ya fito.

Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana ɗora hula a katako, kallo ɗaya yake yi ya san awon kai. Bai tambayi na wane ne ba.